Mujiya Da Almuru: Yadda A Ke Ɗaukar Hotonta Tana Tashi

Manoma da sauran masu bin wannan fili, wannan makon za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu taɓa labarin wata tsuntsuwa wadda ba wanda ke son jin kukanta a bayan ɗakinsa, watau mujiya. Na san wani zai ce, ina ruwan filin noma da mujiya, balle har a zo ana maganar ɗaukar hotonta? To, a dakata tukuna. Kowace shekara in kaka ta yi, aka kai gero da dawa rumbu, akwai wani mai rabo wanda bai yi sharar gona ba, bai yi shuka ba, bai yi maimai ba, amma sai ya ci. Ɓera ke nan. Babbar abokiyar gabansa kuwa ita ce wannan tsuntsuwa da mu ke jifa. Da yawa daga cikin abin da aka tabbatar game da aikinta, ta hanyar hoto aka tabbatar da shi, gama da dare ta ke aikin, sa'ad da mai gona ya ke barci.

Kowa ya san abin da a ke faɗi a kanta. Wai in ta sauka bisa ɗaki ta yi kuka za a yi rashi a gidan. Wai tsuntsuwar mayu ce. Har in mutum ya zama abin ƙi a gari sai a ce an mai da shi mujiya, saboda yadda ƙananan tsuntsaye kan taru su yi mata ca in sun gan ta da rana. Malamai sun daɗe suna faɗa mana camfi da tsuntsu ba shi da tushe. Akwai ma hadisi cikin Buhari da Muslim da ya kore shi, waɗansu masu sharhi kuwa sun ce har da mujiya a ke nufi, domin Larabawan jahiliyya ma haka su ke ɗaukarta. Duk da haka ba a bar jifanta ba. Amma gani ya kori ji. Manomin da aka nuna wa hoton mujiya ta taso daga gonarsa da ɓera a baki, da wuya ya sake barin yaransa su bi ta da danƙo.

Mutumin da ya ba da idonsa

A Ingila an yi wani mutum mai suna Eric Hosking, an haife shi cikin 1909. Ba shi da wata sana'a sai ɗaukar hoton tsuntsaye, a zamanin da mutane ke ganin wannan ba abin da zai ci da mutum ba ne. Cikin 1937, yana da shekara 27, ya kafa 'yar bukka bisa dandamali a ƙasar Wales, daura da sheƙar wata irin mujiyar kurmi mai ruwan ƙasa wadda ba mu da ita a nan. Ran nan da dare yana hawa zuwa bukkar, sai mujiyar ta taso, ba ko motsi, ta kai masa farce a fuska. Ta sami idonsa na hagu. Likitoci suka ga in ba a cire shi ba ciwon zai iya kama ɗayan, sai aka cire. Wani da shi ke nan ya yi sallama da mujiya har abada. Shi kuwa da ya warke sai ya koma bakin aikinsa, ya yi ta yi da ido guda har ya rasu cikin 1991.

Da fari da wani irin ƙwan fitila ya ke aiki, wanda kan yi walƙiya sau ɗaya tak ya ƙone, sai a sake wani. Wannan ya isa ɗaukar tsuntsuwar da ke zaune, amma bai isa tsai da fiffiken da ke kaɗawa ba. A Amurka kuwa tun wajen 1931 wani masanin lantarki, Harold Edgerton, ya ke ta gyaran wata fitila mai walƙiya a gajeren lokaci ƙwarai, wadda ba ta ƙonewa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Hosking ya sami irin wannan fitila, walƙiyarta kamar kashi 1 cikin 5,000 na daƙiƙa. Aka kuma haɗa masa wani siririn haske a gicciye a hanyar da tsuntsuwa ke bi zuwa sheƙa, ta yadda da ta ratsa shi sai kyamara ta ɗauka da kanta, don yatsan mutum ba shi da wannan sauri. Da haka ya sami hoton nan nasa na 1948 wanda ya zaga duniya, farar mujiya a sama, fukafukai a buɗe, da abin da ta kamo a baki.

Abin da ya sa aikin ke da wuya

Kyamara da haske ta ke cika, kamar yadda tulu ke cika da ruwan sama. Da tsakar rana haske na zuba kamar da bakin ƙwarya, ko yaya ka tara sai ta cika nan take. Da faɗuwar rana kuwa ya zama yayyafi, bai kai kashi 1 cikin 200 na hasken tsakar rana ba. Daga nan kuma kowane minti 3 ko 4 sai ya ragu da rabi.

Mu a nan lamarin ya fi tsanani. A Ingila rana a karkace ta ke faɗuwa, sai almuru ya daɗe, da bazararsu ya kan wuce minti 40. A Kano ko Katsina ko Maraɗi kusan a miƙe ta ke nutsewa, tsakanin ɓacewarta da lokacin da ba ka iya karanta jarida a fili minti 20 ne da ɗan ɗori. Wajen watan Nuwamba rana na faɗuwa a Kano misalin ƙarfe 6, wajen Yuli kuwa sai kusan ƙarfe 7. In ga hazo na hunturu, to, tun rana ba ta kai ƙasa ba ta riga ta dushe.

Ga haske kaɗan, ga kuma abin da za a ɗauka ba ya tsayawa. A ce mujiya na tafiyar mil 10 a awa, watau kamar inci 176 a daƙiƙa. In kyamara ta buɗe ido na kashi 1 cikin 30 na daƙiƙa, kafin ta rufe mujiya ta matsa kusan inci 6, abin da za ka gani a hoto sai wani farin hayaƙi. In ta ƙifta cikin 1/500, matsawar kamar sulusin inci ce kawai, hoto ya fito. Amma ƙiftawar da ta yi sauri haka ɗan haske kaɗan ta ke tara. Duk wahalar aikin a nan ta ke.

Dabara uku a ke haɗawa. Ta fari, a buɗe ƙofar gilashin kyamara iyakar faɗinta, kamar mai tarar yayyafi da ya ajiye tulu ya ɗauko kwano mai faɗin baki. A jikin kyamara za ka ga lamba irin su f/2.8 da f/4 da f/5.6, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kowace ɗaya kuma tana shigar da ninkin hasken ta bayanta. Ta biyu, a rage saurin ƙiftawa gwargwadon abin da tsuntsuwar za ta yarda. Don shaho ko tattabara a kan so 1/2000, amma Allah Ya taimaki mai hoto, mujiya a hankali ta ke shawagi. Fara da 1/1000 tun da sauran rana, ka sauko 1/500, in duhu ya matso ka sauko 1/250. A nan bakin fukafukai zai ɗan baje, amma ni a ganina wannan ba aibi ba ne muddin ido da fuska sun fito sarai, har ya kan sa mai kallo ya ji kamar tana motsi. Ta uku, a ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, watau lambar da a ke kira ISO. Cikin shekarun 1950 fim mai launi na Kodachrome lambarsa 10 ce kacal, fim ɗin Tri-X marar launi da ya fito 1954 kuwa 200, ana ta yabonsa wai ya cika sauri. Kyamarar yau ta kan kai 6,400 ba wahala, watau ninki 32 na wancan da a ke yabo. Illarsa ita ce hoto ya kan yi tsaki-tsaki. Kada wannan ya dame ka. Hoto mai tsaki-tsaki ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya baje kuwa ba mai gyara shi.

Sai gilashi mai jawo nesa kusa, na milimita 300 ko 400 ko fiye. Ka dafe gwiwar hannunka a ƙirji, ko ka ɗora kyamarar bisa sanda mai gwafa. In mujiya ta gitta, kada ka tsai da kyamara ka jira ta shigo. Bi ta da ita, kamar yadda maharbi ke bin zabuwa da bakin bindiga, juyawar daga ƙugu, ka danna kana cikin bi, ka ci gaba da bi bayan ka danna. Ka sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere. Cikin hoto 50 in ka sami 2 masu kyau, ka yi kasuwa.

Akwai kuma batun inda ka ba baya. In ka fuskanci yamma, sararin sama ya fi tsuntsuwar haske, sai ta fito baƙa ƙirin kamar inuwa. Yana da kyaun gani, amma ba za a gane abin da ta riƙe ba. In ka ba yamma baya, sauran jan hasken zai sauka a kanta, farin cikinta ya fito bisa duhun itatuwa. Saitin kyamara na kansa ya kan rikice in haske ya yi ƙaranci, ya bar tsuntsuwa ya kama kara ko ganye. Maganin wannan yana tafe.

Sanin tsuntsuwar ya fi tsadar kyamara

Mujiya iri-iri ce a ƙasar nan. Akwai babba mai toka-toka da gashi biyu a ka kamar kunnuwa, wadda ke son duwatsu. Akwai 'yar ƙarama mai ɗige-ɗige wadda a kan gani ko da rana, tana da baƙin tabo biyu a ƙeya kamar idanu. A fadamun tsaunin Jos akwai wata mai ruwan ƙasa da kan fito tun da sauran haske. Amma wadda ta fi shafar manomi ita ce farar nan mai faffaɗar fuska kamar faifai, mai kwana a tsofaffin gine-gine, da sito, da hasumiya, da kogon kuka, har da tsohuwar rijiya. Kukanta wata ƙara ce mai tsawo kamar an yage sabon ƙyalle. In ta buɗe fukafukai sun kusa yadi guda, amma nauyinta bai kai laba ɗaya ba. Tana nan a kusan kowace nahiya, shi ya sa abin da aka gano a kanta a wata ƙasa ya ke da amfani gare mu.

Kafin ka ɗauki kyamara, nemi makwancinta. Alama biyu ce. Ɗaya farin kashi a jikin bango ko a gindin itace kamar an watsa farar ƙasa. Ɗayar kuma wasu baƙaƙen curi masu kamar girman babban yatsa. Mujiya ba ta tauna, haɗiye ɓera ta ke yi ɗungum, sa'an nan gashi da ƙashin da bai narke ba ta cure su ta amayar, sau ɗaya ko biyu a yini. In ka ga waɗannan, to, ka yi kwana 4 ko 5 kana zuwa da almuru hannu rabbana, ka zauna nesa ka lura ta ina ta ke fita, wane lokaci, ina ta ke fara sauka. Tsuntsuwa ce mai bin hanya guda kamar ɗan kasuwar ƙauye. Tana son bakin gona, da kunyar da ciyawa ta rufe, da gefen lambatu a gonar rani, da masussuka bayan an yi sussuka, gama nan ɓera ke taruwa.

Sa'an nan ka kafa mata sanda. Nemi doguwar sanda kamar ƙafa 10, ka gicciya gajeren itace a kanta, ka kafa a fili inda ta ke wucewa. In ta saba sauka a kai, ka huta. Tun da rana ka saita kyamara a kan sandar, ka kashe saitin kansa, ka bar shi nan. Tsuntsu kullum iska ya ke fuskanta in zai sauka, saboda haka ka zauna ta inda iska ke bugun bayanka, sai ta taho tana dubanka. Sa'ad da ta zo sauka ta kan rage gudu, ta baza fukafukai da wutsiya, ta miƙo ƙafafu. Hoton da ka ke nema ke nan. Sandar kuwa ko ba ka taɓa ɗaukar hoto ba ta biya kanta, domin daga kanta mujiya ke sauraron ɓera da dare, da rana kuma shaho ya karɓe ta.

Zauna yadi 30 ko 40 daga wurin, ka jingina da itace ko da ɗaurin kara don kada siffarka ta fito. Sa tufafi masu duhu, ba farar riga ba. Kada ka yi tari, kada ka taɓa busasshen ganye. Ta fi ka ji nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, ai wannan minti 20 ɗin da ka ke faɗi lokacin sallar magariba ne. Gaskiya ne, ba kuwa za mu ce a bar salla don tsuntsuwa ba. Amma yini baki biyu gare shi. Bayan an idar da sallar asuba, kafin rana ta fito, haske iri ɗaya ne da na almuru, har ya fi, don wancan raguwa ya ke yi, wannan kuwa ƙaruwa. Mujiyar da ke da 'ya'ya a sheƙa ta kan makara wajen farauta har gari ya fara wayewa, ta kan kuma fito da wuri da yamma.

Abu biyu kuma ban da kyamara. Inda ɓera ya ke, nan maciji ya ke, kububuwa da kasa duk da almuru su ke fita, saboda haka sa takalmi mai rufi, ka riƙe tocila ta komowa. Sa'an nan a wannan zamani, mutumin da ya laɓe a bakin gona da magariba riƙe da dogon baƙin abu a kafaɗa, ba kowa zai ɗauka mai hoto ba ne. Sanar da mai gona da mai unguwa tukuna, in da 'yan sintiri su ma a gaya musu. Inda babu kwanciyar hankali, a haƙura.

Fitila da ladabi

Hosking da walƙiya ya yi aikinsa don ba shi da wata hanya. Yau akwai hanya, yawancin masu wannan sana'a kuwa sun bar haska mujiya a ido tana cikin tashi. Idon da ya saba da duhu in an dalle shi ya kan ɗauki lokaci kafin ya komo daidai, kowa ya san wannan in mota ta haske shi da dare. Kada kuma a kunna mata kukan 'yar'uwarta a waya don ta zo, gama sai ta bar farauta ta tsaya neman kishiyar da babu. Sheƙa kuma a ba ta nisa. Farar mujiya na yin ƙwai 4 zuwa 7, ta kwanta a kansu kamar wata guda, 'ya'yan kuma su yi wajen mako 8 ko 9 kafin su tashi. In an dame ta da farkon kwanci ta kan iya gudu ta bar ƙwan. A Ingila, bisa dokar 1981, laifi ne mutum ya dami farar mujiya a sheƙarta, mai son ɗaukar hoto a nan sai ya nemi lasin.

Abin da hoto ya tona

Tun cikin 1934 wani Baturen Ingila, R. R. Graham, ya bayyana abin da ya sa tashin mujiya ba ya ƙara. Gashin gaban fiffikenta na da haƙora ƙanana kamar mataji, na bayan kuma yana da geza, saman gashin duka kuwa laushi gare shi kamar karan-miski. Iska sai ta bi ta wuce shiru. Amfanin biyu ne, ɓera ba ya jin zuwanta, ita kuma fiffikenta ba ya hana ta jin ɓera.

Sai wani masani a Amurka, Roger Payne, ya sa farar mujiya a ɗakin da aka toshe ko'ina har babu ɗigon haske, ya baza busasshen ganye a ƙasa, ya saki ɓera. Ta kama shi. Don kada a ce wari ta bi ko ɗumin jiki, sai ya ɗaure curin takarda da zare ya ja cikin ganyen. Ta faɗa wa takardar. Ya buga bayanin cikin 1971. Ya kuma ɗauki hotonta da wani irin haske wanda ido ba ya gani amma fim na gani. A nan aka ga yadda ta ke yi cikin duhu: ta taho fuska a gaba, ƙafafu na lilo a ƙarƙashinta, sai dab da isa ta janye kai baya, ta jefo ƙafafu daidai inda fuskar ta ke, farata a baje. Ramin kunnenta na hagu ya ɗan fi na dama bisa, da wannan ta ke gane ko motsi daga sama ya ke ko daga ƙasa, faifan fuskar nan kuma shi ke tattaro mata sauti. Idanunta ba su juyawa cikin gurbinsu, shi ya sa ta ke murɗa wuya haka har mutane su tsorata. Ƙashin wuyanta 14 ne, namu 7. Iyakar maitar ke nan.

To, nawa ta ke ci? Babbar mujiya na cin ɓera 3 ko 4 a dare. A ɗauki 3, miji da mata 6 ke nan, a shekara 2,190, ba a sa na 'ya'ya ba. A gonakin inabi na Kalifoniya an sa ƙananan kyamarori cikin akwatunan sheƙa aka ƙidaya abin da iyaye ke shigowa da shi, aka sami wajen 1,000 a kowace sheƙa daga ƙwai zuwa tashin 'ya'ya. A Isra'ila manoman wani ƙauye mai suna Sde Eliyahu sun fara kafa wa mujiya akwatuna a gona cikin 1983. Abin ya bazu har akwatuna suka kai dubbai, manoman Jodan da na Falasɗinu ma suka shiga, alhali su ma da can camfa ta su ke yi kamar mu. A Malesiya kuma an daɗe ana yin haka a gonakin kwakwar manja.

Ɓeran da ya fi damun gonakin Afirka shi ne mai nonuwa da yawa ɗin nan, wanda macensa ke ɗaukar ciki kwana 23 ta haifi 10 ko fiye. A Tanzaniya masu bincike sun kimanta ɓera na cin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na masara kowace shekara, shekarar da ya yi ambaliya kuwa ɓarnar ta kan wuce haka nesa. Shi ne kuma mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa cikin 1969 a garin Lassa da ke ƙasar Borno. Ban ce mujiya za ta raba mu da wannan ciwo ba. Rufe abinci, da toshe ramuka, da barin shanya hatsi a bakin titi, su ne kan gaba. Ba kuma ɓera kaɗai ta ke ci ba, tana taɓa jaba da jemage da ƙananan tsuntsaye. Gafiya ta fi ƙarfinta, haka ma kaza. Manyan mujiyoyin nan masu kunnuwa su ne kan iya ɗaukar ɗan tsako ko zabuwar da ta kwana a waje, maganinsu kuwa akurki.

Abin da ke kashe ta ban da jifa shi ne maganin ɓera. Akwai irin da ba ya kashewa nan take, sai ɓera ya yi kwanaki yana yawo a galabaice, shi ne kuwa mafi sauƙin kamu. Mujiya ta ci, ta kai wa 'ya'yanta, dafin ya taru a hantarsu. A Ingila in an auna gawar farar mujiya, a mafi yawansu a kan tarar da wannan dafi. Wanda ya zama dole ya sa shinkafar ɓera, ya sa ta cikin sito a rufe, ya kwashe gawarwakin da safe ya binne.

Wanda ba shi da babbar kyamara

Yawancinmu waya ce a aljihu. Wayar zamani na da wata dabara ta ɗaukar hoton dare, amma hotuna da yawa ta ke haɗawa cikin daƙiƙa 2 ko 3, saboda haka sai abin da ke tsaye. Ga mai tashi ba ta da amfani. Abin da za ka yi shi ne ka ɗaure wayar a jikin turke kamar yadi 5 daga sandar nan da ka kafa, tana duban sandar da sararin sama a bayanta, ka kunna bidiyo, ka rufe hasken fuskar wayar, ka tafi masallaci. Da ka dawo ka duba. In ta zo, tsai da bidiyon a inda ta baza fukafukai ka ciro hoton. Ba zai yi kyaun na Hosking ba, amma ya isa nuna wa jama'a a dandali. Rubuta rana da wuri a jikinsa, domin masu binciken tsuntsaye na cibiyar A. P. Leventis da ke kusa da Jos suna tattara labarin inda a ke ganin kowane irin tsuntsu a Nijeriya, kuma da taimakon mutanen gari su ke yi.

Wanda ko waya ba shi da ita, curin nan da ta ke amayarwa ya ishe shi shaida. Ɗauki 10 da leda a hannu, kada da hannu tsirara, tun da ka san abin da ɓera ke ɗauke da shi. Jiƙa su cikin gwangwani da ruwa da ɗan sinadarin wanki mai kashe ƙwayar cuta, a waje, nesa da madafa, sa'an nan ka tsattsage su da tsinke. Za ka tarar da ƙoƙunan kai ƙanana. Mai dogayen haƙoran gaba biyu masu ruwan ɗorawa, da giɓi a bayansu, na ɓera ne. Mai tsinin baki da jerin haƙora masu kaifi na jaba ne. Mai baki ba haƙori na tsuntsu ne. Ware su kashi-kashi bisa takarda ka ƙidaya a gaban yaran gida, in an gama a binne duka, kowa ya wanke hannu da sabulu.